Hoton da Muka Aika Libiya

Shekarun baya, can cikin shekarun casa'in muna zaune a Gure, yayana ya tafi Libiya neman aiki ya bar matarsa da ciki wata biyar. Ta haifi 'ya mace, aka yi suna ba ya nan. Yarinyar na da wata bakwai sai ga wani abokinsa direban kamiyo, wato babbar motar kaya, ya yi sallama a ƙofar gidanmu da saƙo: atamfa, sabulu, da wata 'yar baƙar kyamara, wadda mu a can muke ce wa aparai, haɗe da fim guda biyu. A wasiƙar ya ce ni zan riƙe ta tunda ni na yi lakwal, wato makarantar boko, in ɗauko masa 'yarsa ya gani. Direban ya ce bayan wata guda zai koma.

Kaina ya kumbura. Na rataya aparai a wuya ko rijiya zan je. Cikin kwana biyu na cinye fim ɗin farko. Na ɗauki yarinyar a ɗakin mahaifiyata, na ɗauke ta tana rarrafe, na kusa cusa mata abin a hanci don fuskarta ta fito da girma. Ragowar na ƙarar a kan akuyarmu da ƙawayena.

A lokacin ba a wanke hoto a Gure, sai an kai Damagaram. Muka ba wani maƙwabcinmu mai shago da ke zuwa can sarin kaya fim ɗin. Kwana goma ina cika baki, har ranar da ya dawo da ambulan. Aka shimfiɗa tabarma, gida duka ya taru.

Mahaifiyata ta ɗauki na farko ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa.

"Wannan jikata ce ko ƙullin kaya?"

Babu hoto ɗaya da za ka ce ga ido ga hanci. Wani duhu, wani kamar an shafa masa mai, wani hannuwa huɗu gare shi. Akuyar ce kaɗai ta fito tsaf, har gashin gemunta ana gani. A bayan ambulan mai wankin ya rubuta mini da faransanci cewa hannuna na rawa, ɗakin ba haske, kuma na matsa kusa da yawa.

Kowa ya yi dariya ban da matar yayana. Ta duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da su, ta tashi ta koma kan ɗinkin hularta. A nan dariyar ta fita raina. Fim ɗaya ya rage, kuma saura kwana goma sha biyar direba ya tashi. In na sake ɓatawa, yayana ba zai ga 'yarsa ba sai wata shekara.

Washegari da hantsi na sami matar yayana a bakin ƙofar ɗakinta tana ɗinki. Ba ta taɓa shiga aji ba, ni kuwa a lokacin ina ganin duk wanda bai yi lakwal ba sai dai in koya masa.

"Malama, me mutumin ya rubuta?" Haka take kirana in tana son tsokana.

Na fassara mata. Sai ta miƙo mini allura da zare.

"Zura mini, a tsaye yadda kike."

Na yi ta fama, zaren na kaucewa. Ta ce in zauna, in kafa gwiwar hannuwana a kan cinyata, in juya haske ya zo ta bayana, in riƙe numfashi. Sai ga zare ya shige.

"To ni ban san aparai ba," in ji ta. "Amma ba na zura allura cikin ɗaki, ba na zurawa ina tafiya."

Kwana biyu ina gwadawa ba fim a ciki. In zauna a kan turmi, in kafa hannu, in ja da baya taku uku, in danna a hankali maimakon dukan da nake yi wa maɓallin da. Hannuna ya zauna. Saura yarinya.

Ita kuwa ba ta zama a hannun kowa. Mahaifiyata ta riƙe ta, ta yi ta miƙa tana kuka. Na ba ƙawata, haka. Wuri ɗaya take natsuwa, cinyar uwarta. Amma 'yar fari ce. Matar yayana ko sunanta ba ta faɗa, nono ma sai ta shige ɗaki take ba ta. Ta rungume ta a tsakar gida gaban surukarta, har a ɗauki hoto a kai wa miji? Da na faɗa mata sai ta harare ni.

"Ba ki da kunya, ni ina da ita."

Mahaifiyata na gefe tana tsince wake, kamar ba ta ji ba. Jim kaɗan ta karkaɗe zanenta ta ɗauki mayafi.

"Zan je barka can bayan kasuwa. Ba zan dawo ba sai azahar." Ta kai zaure ta juyo. "Ku sa sakata, awaki na shigowa."

Muka dubi juna. Matar yayana ta shiga ɗaki, ta daɗe. Da ta fito ta ɗaura sabuwar atamfar, ta sa kwalli. Ta zauna a bakin ƙofa inda take ɗinki, ta ɗora yarinyar a cinya, yarinyar ta yi luf tana wasa da 'yan kunnenta. Na zauna a kan turmi, na riƙe numfashi, na danna. Na yi ta dannawa. Can yarinyar ta yi atishawa, uwar ta sunkuya tana dariya tana share mata hanci, na danna ba ta sani ba.

Hotunan suka dawo kwana biyu kafin kamiyo ya tashi. Ba duka suka yi kyau ba, amma goma sha ɗaya sun fito har zanen kitson uwar. Na atishawar ta ce kada in kuskura in saka. Na saka shi a tsakiya.

Bayan wata uku yayana ya aiko da kaset, don haka matafiya ke yi a lokacin. Muka sa sabon pil, wato batir, a rediyo muka kewaye ta. Ya gaida Inna mahaifiyarmu, ya gaida kawunnanmu, ya gaida maƙwabta gida gida, bai ambaci matarsa ba. Ita tana bakin murhu ta ba mu baya. Daf da ƙarshe ya yi gyaran murya.

"Hotuna sun iso. Yarinya ta yi girma, masha Allah. Akwai wani da aka sunkuya ana dariya. Wannan na cire shi daga cikin sauran, yana aljihuna."

Muciyar da ke hannunta ta tsaya. Mahaifiyata ta ce in mayar da kaset ɗin baya, wai ba ta ji gaisuwar kawu da kyau ba. Sau uku tana sa ni ina mayarwa, kuma kullum sai ta bari ya kai ƙarshe.

Na daɗe kafin in gane babu wadda ta haihu a bayan kasuwa a makon nan. Gidan ƙanwarta Inna ta je ta zauna har azahar.

Yau yarinyar nan 'ya'yanta uku, tana turo mini hotunansu ta waya, goma a rana ɗaya, duk sun fito tas. Ina murna da su. Amma in na ɗauko wancan na bakin ƙofa, mutum biyu ne a ciki, ni kuwa Inna nake fara gani, tana fita zaure da mayafinta a cikin rana. Allah ya jiƙanta.