Ranar da na ci tuwo da gemun auduga

Ni maƙeri ne ɗan maƙeri, a Cadakori aka yanke mini cibiya. Kowa ya san maƙera da Fulani ba ma haɗuwa sai da tsiya, wasa ne da muka gada. Nawa Bafulatanin siriri ne kamar sandarsa. Tun muna samari yake kawo mini gatari da wuƙa in gyara, in tsokane shi, ya rama, mu rabu lafiya.

Akwai wani wasan kwaikwayo mai dogon zango da ake nunawa a tele, wato talabijin, duk Juma'a bayan la'asar. A shagon mai cajin waya muke kallo, jikin maƙerata. A cikin wasan akwai wani makiyayi. Subhanallahi! Wani ƙaton ɗan Maradi ne mai tumbi, an kifa masa malafa an ba shi sanda. Aikinsa ke nan kullum: a cuce shi a kasuwa, ya faɗa rami, saniya ta kore shi. Mutane su yi ta dariya har da riƙe ciki, sannan su juyo su dubi mutumina.

Shi ba ya dariya. Wata rana ya ce mini, kuma ba da wasa ba: "Maƙeri, sau ɗaya dai kafin in mutu, ina son in ga makiyayi na gaske cikin akwatin nan." Na ce to ka shiga mana, ai zai ɗauke ka, ba ka da kauri.

Ashe bakina ya faɗa daidai. Bayan kaka sai ga motar 'yan fim ta sauka ranar kasuwa. Daraktan, wani mai gilashi da hular hana-salla, ya hau benci da lasifika ya ce masu kallo sun yi ƙorafi, don haka daga yau kowace ƙabila ɗanta ne zai fito da kansa: Bagobiri na gaske, Buzu na gaske, Bafulatani na gaske.

Aka fara zaɓe. Bagobirin da suka ɗauka tsagarsa tun daga baki har kunne, amma mai kamara ya ce ba ta fitowa, sai aka bi ta da kwalli. Buzun ya zo a kan babur, aka ce ya koma ya zo da raƙumi. Ya ce shi tela ne, rabon gidansu da raƙumi tun kakansa. Ni ma na miƙa kaina a matsayin maƙeri. Darakta ya dube ni sama da ƙasa ya ce ban yi kama da maƙeri ba. Ni da aka haifa a gindin uwar maƙera! Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Mutumina dai an ɗauke shi, har an kifa masa malafar makiyayin wasan, sai dai an ce yana bukatar horo. Kuma wa zai koya masa zama Bafulatani? Mai tumbin nan. Da idona na ga yana nuna masa yadda ake tsayuwa da ƙafa ɗaya, da yadda ake sakin baki in an ga mota. Mutumina ya daure, ya yi duk abin da aka ce. Ya raɗa mini: "Bari dai a kai wajen shanu, can za su gani." Washegari ya koro garkensa duka har gindin gawon da ke bayan gari.

Abin da za a ɗauka sulhu ne. Manomi da makiyayi sun yi rigima, yanzu za su zauna kan tabarma ɗaya su ci tuwo a akushi ɗaya, shanu na bayansu. Manomin kuwa darakta ya tsinto shi da kansa a kasuwa, wani dattijo mai farin gemu da sabuwar hauya a kafaɗa. "Kun ga Bahaushe tsantsa," in ji shi.

Ina ganin dattijon na dafe kai. Surukin mutumina ne, uban matarsa, Bafulatani da ya daɗe da ajiye sanda ya kama noma. Shi a zatonsa masu ɗaukar hoton manoma ne, shi ya sa ya yarda.

Wanda bai zauna da su ba ba zai gane ba. Bafulatani ba ya cin abinci a gaban surukinsa, ko ruwa ba ya sha, ido ma ba sa haɗawa. Tun da aka ɗaura auren nan, in mutumina ya hango tsohon a hanya daji yake yanka. Ga shi yau an zaunar da su gwiwa da gwiwa, da miyar kuka tana tururi a tsakani.

Darakta ya ce a fara. Babu wanda ya kai hannu akushi. Tsoho ya dubi gabas, mutumina ya dubi yamma. Aka sake. Tsoho ya ja rawani ya rufe baki, mutumina ya kama tsintar ƙaya a tabarmar da ba ta da ƙaya. Sau nawa aka sake, na daina ƙirga. Tuwo ya huce, aka ɗumama, ya sake hucewa. Babu wanda zai yi bayani a cikinsu, don bayanin ma kunya ne. Ni na yi dariya har na zauna a ƙasa, sannan na je na gaya wa darakta.

Ya cire gilashi ya ce: "Wace irin al'ada ce wannan da za ta hana mu nuna al'ada?" Ya matsa kusa da mutumina. "Loma ɗaya. Ɗaya tak! In ba haka ba in mayar wa mai tumbi malafarsa."

Na daina dariya, don na san abin da lomar nan take a wurin mutumina. Ya dubi akushi, ya dubi kamara, ya daɗe. Sai ya miƙe, ya cire malafar, ya miƙa wa mai tumbi da hannu biyu, ya ɗauki sandarsa ya kama hanya.

Tsoho ma ya tashi ya karkaɗe riga ya ce shi ba ya ci a bainar jama'a. Rana tana faɗuwa, darakta ya waiga yana neman manomi, idonsa ya faɗa kaina. Nan take aka liƙa mini auduga a haɓa da ƙaro, aka ba ni hauyar da ni na ƙera. Ba zan yi ƙarya ba, na ci tuwon nan. Ni da mai tumbi muka share akushi, aka tafa mana.

Ranar da aka nuna wasan shagon ya cika maƙil. Ga ni nan da gemuna ya karkace yana shiga miya, ga mai tumbi yana lashe hannu. Na shirya tsiyar da zan yi wa mutumina, amma da na ga fuskarsa sai kunya ta rufe ni.

Can sai wani ya ce a dubi baya. Mai kamara bai lura ba, mu ma da muke kan tuwo ba mu lura ba. A gefen hoton, wani siririn mutum ne ke tafiya da sanda a kafaɗa, bai waiwayo ba, bai kira ba. Shanun suka ɗaga kai ɗaya bayan ɗaya suka bi shi a jere, har bayanmu ya zama fili.

Tsohon yana can bakin ƙofa, ya ba mu rabin baya, ban ma san ya zo ba. Bai dubi kowa ba ya ce: "Wancan na bayan dai makiyayi ne."

Mutumina ya ja rawani ya rufe fuskarsa har ido, ya fita ta ƙofar baya. Na bi shi da nufin tsokana, na tarar da shi tsugune a bayan maƙerata, yana share hawaye da bakin rawani. Na koma ciki na bar shi.