Wanzamin Gidanmu da Aikin Hancina

Abin da na fara gani da na shawo kwanar gidanmu daga tasha shi ne zabirar wanzami rataye a ƙyauren zaure. Ta yi baƙi ƙirin da maiƙon hannu, igiyarta duk ƙulli. Kwana biyar ke nan da aka yi mini aikin hanci a Kaduna, fuskata a kumbure, ƙasan idanuna sun yi duhu, ga auduga an manne mini a kan leɓe. Ina ganin zabirar nan na san mai ita yana ciki, kuma ni yake jira.

Tun ina ɗan shekara tara na faɗo daga kan ɗorawa a gonarmu ta Kakangi, guringuntsin da ya raba ƙofofin hancina ya karkace. Daga ranar nan da baki nake numfashi, kuma ban ƙara jin ƙamshin komai ba. Da na zama malamin firamare a Birnin Gwari, duk wata sai na sayo ƙananan littattafan soyayya a kasuwar Kaduna. A cikinsu saurayi yakan gane masoyiyarsa ta wuce tun bai gan ta ba, don turarenta ya rage a hanya. Ni kuwa akwai wadda nake so, 'yar malamin daji, kowa yana yabon turaren da take haɗawa da saiwoyin da mahaifinta ke kawo mata. Kowa ban da ni. Abin da ya kai ni gaban likita ke nan, ko da yake shi ciwon kai na faɗa masa.

Da zai sallame ni ya ƙirga mini da yatsu. Mako biyu kada in fyace hanci, kada in sunkuya, kada in yi surace, kada komai ya shiga ciki. Ya ce in wurin ya ɓalle kafin ya kame, aikin ya lalace.

Wanzamin nan kuwa gadon gidanmu ne. Ubansa ya yi wa kakana aski, shi kuma ya yi mini askin suna, ya cire mini belu, ya yi mini kaciya. A al'adarmu duk jinin da zai fita daga jikin ɗan gida, askarsa ce ke fitar da shi. Kai jikinka ga wata wuƙa ba tare da ka gaya masa ba cin fuska ne. Ni ko a raina ban tuna da shi ba.

Na same shi zaune kan tabarmar mahaifina, ya miƙe ƙafa, bakinsa jawur da goro.

"Sannu da zuwa, malam na boko," in ji shi. "Ɗaga tsumman nan in ga ɓarnar da suka yi."

"Baba, likita ya ce kada a taɓa."

"Likita! Shi ya yi maka kaciya?"

Mutanen zaure suka kwashe da dariya, har da waɗanda nake rubuta wa wasiƙa kyauta.

Na zaci jinya za ta zama kamar yadda na karanta, farin zanen gado, murya ƙasa-ƙasa, wata ta zo da ƙyalle tana share maka goshi. Abin da na samu shi ne 'yan dubiya masu cika ɗaki da warin bakin da ko ni ina ganinsa a fuskar na kusa da su. Kowa ya shigo sai ya sunkuyo ya leƙa hancina kamar rijiya. "To ina aikin? Hancin dai yana nan yadda yake." Wani ya ce su sun ɗauka irin na Fulani za a dasa mini. Shi kuma wanzami kullum da hantsi yana nan. Ya ce duhun da ke ƙasan idona mataccen jini ne, in ba a yi ƙaho an zuƙe shi ba zai hau kai in haukace. Mutumin da bai taɓa ganin cikin hanci ba sai nasa da yake tona da ɗan yatsa.

Ran kwana na takwas ina jingine da bango, sai wani abu ya ratso ta ƙofar hancina ta dama. Na daɗe kafin in gane daddawa ce mahaifiyata ta jefa a miya. Ba fure ba, ba turare ba, daddawa. Na zauna ina ja a hankali, hawaye na zuba. Da yamma aka aiko cewa 'yar malamin daji za ta zo dubiya da gwaggonta ran Juma'a. Na shirya kalmomin da zan faɗa mata har kashi uku.

Ran Laraba mahaifina ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa, bai zauna ba.

"Mutumin nan ya daina ba ni hannu a masallaci," ya ce. "Ana cewa mun yar da shi. Ka bari ya yi maka ko aski ne, a rufa wa juna asiri."

"Baba, aski kawai."

"Aski kawai. Na yi magana da shi."

Washegari da safe aka shimfiɗa buzu a gindin mangwaro. Wanzami ya wasa aska a tafin hannu, ya jiƙa mini kai, yana ta ba maƙwabta labarin wani Bagwari da ya warkar a Kusasu. Ya gama ƙeya, ya zagayo gaba, ya ɗaga haɓata kamar zai gyara saje.

"Rufe ido, ɗana, kada gashi ya shiga."

Na rufe. Sai na ji tsinin kara a ƙofar hancina, ya hura. Garin wani ɓawon itace ne, mai yaji kamar barkono. Atishawa ta farko na ji wani abu ya yage a ciki. Kafin ta biyar jini ya wanke mini gaban riga.

"Alhamdu lillahi!" Ya ɗaga hannu yana kiran mutane. "Ga shi nan yana fita. Ku zo ku ga baƙinsa. Wannan suka rufe masa a ciki!"

Kuma suka zo, suka gani, suka gyaɗa kai. Mahaifina ne kaɗai ya ruga tasha babu hula.

Motar katako aka samu. Na kwanta kan gungume da tawul a fuska, muka ratsa dajin nan, itatuwa suna wucewa ta samana, duk ramin da muka faɗa sai na haɗiyi jini. A Kaduna likita ya haska ya daɗe yana dubawa, ya tambaye ni wa ya yi wannan. Na ce atishawa na yi. Har yau ina jin haushin kaina da na rufa wa wanzamin asiri.

An sake cusa mini bandeji, wurin ya yi ruwa, na yi mako uku a kwance. Da ya warke, gefen hagu ya manne, tsakiya kuma ya bar wata 'yar huda da ke fito in na ja numfashi da ƙarfi. Ƙamshi bai dawo ba. 'Yar malamin daji ta aure ni duk da haka. Shekara da shekaru tana turara ɗaki, ni sai dai in ga hayaƙi in ce mata ya yi daɗi.

Shi kuwa wanzami ba abin da ya same shi. Labarina ma kasuwa ya ƙara masa, don har daga ƙauyuka ake kawo masa masu ciwon hanci. Daga baya aka naɗa shi sarkin askar gari, ya je Makka, ya sa haƙorin azurfa. Ya tsufa hannunsa na rawa, amma ba a daina miƙa masa jarirai ba. Ya rasu a kan gadonsa, jana'izarsa ta cika fili. Da na je gaisuwa babban ɗansa ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce marigayi bai taɓa lissafa waɗanda ya ceto ba tare da ya fara da sunana ba. Na ce Allah ya ji ƙansa, na sa takalmina na fito.