Bangon da Ba Shi da Mariƙi

Ƙanena Behzod bai taɓa cinye abinci a zaune ba. Tun yana yaro a unguwarmu ta Chilonzor, nan Tashkent, da gurasa a hannu yake zagaye gida yana jan kujeru, mahaifiyarmu na bin sa da masifa. Da ya girma sai ya mai da ciwon sana'a. Kafinta ne, amma na zamani: masu gidajen bene su kira shi, ya cire dardumar bango, ya fitar da kabad ɗin gilashi da tarkacen kakanni, ya bar musu farin ɗaki fayau, su kuma su yi ta godiya. Ni dai abin ya fi ƙarfin kaina. In ya zo gidana ba ni yake kallo ba, kayana yake harara.

"Opa," haka muke kiran yaya mace a nan, "wannan agogon me yake yi a nan?"

"Harkar gabansa. Kai ma yi taka."

Ya taɓa aure. Matar ta gaji da dawowa daga aiki ta tarar gado ya sauya kusurwa, ta tattara ta koma Namangan. Bai ƙara ba.

Lokacin da ganin Oyi, mahaifiyarmu, ya fara dusashewa, likita ya ce ba mai dawowa ba ne, na ce ta dawo wurina. Behzod ya yi tsalle ya dire.

"Gidanki duk abin tuntuɓe ne, Opa. Ni zan yi mata gidan da ba za ta yi karo da komai ba."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushi.

Ya kwashe bazara guda yana aikin, ya rame, ya yi baƙi. Ya fasa bangon da ke tsakanin kicin da falo, ya cire dokin ƙofa, ya goge duk wata kusurwa mai kaifi. Sannan ya jera kabad daga ƙasa har rufi, fari sol, sumul, babu mariƙi ko ɗaya. Dannawa ake yi marfin ya buɗe. Murhun ma gilashi ne shafal, sai an taɓa wasu ɗige-ɗige. Bai zubar da ko cokalin Oyi ba, wannan zan shaide shi. Katifunta na auduga, tukunyar dafa shinkafar palov, kofunan shayi, duk suna nan, a bayan farin bangon.

Oyi ta tare. Kullum na zo sai in tarar da ita a bakin gado, hannu a cinya.

"Oyi, lafiya?"

"Lafiya lau. Ɗan'uwanki ya yi ƙoƙari."

Amma wuyanta sai ƙara tsawo yake.

Wata rana da azahar na zo ba sanarwa, na buɗe da makullina. Na same ta tsaye a kicin tana shafa bango da tafukanta biyu, ta yi dama, ta dawo hagu. Tun fitar Behzod da safe take neman butar shayi. Matar da ta shayar da unguwa guda shayi a gidanmu na da!

"Zumrad, ke ce? Gidan nan babu inda yake kama hannuna," ta ce. "Kar ki gaya masa."

Na gaya masa mana. Na kira shi, ya baro aiki ya zo yana haki, yana kai da kawo a falon.

"Ai dannawa kawai za ta yi, Opa!"

"Ta danna ina, sarkin gwaninta? Rufe idonka ka ɗauko min buta."

Ya rufe. Ya danna nan, katifu. Ya danna can, tsintsiya. Ya ƙara gaba, ya danna bangon siminti, ya sake dannawa da ƙarfi. Ya buɗe ido, ya sauke hannu.

"Gobe da hantsi zan zo da tasi in ɗauke ta," na ce. Ban ji tausayinsa ba ko kaɗan.

Washegari tun daga matakala na fara cin karo da fararen marafa, an jingina su a bango har ƙofarsa. Ya kwance su kaf. Cikin gidan ya koma kasuwa: tukwane, zannuwa, kwalaben zuma, komai a fili, ga ramukan sukuru a jikin katako. Ya aro ƙaramin murhu mai abin murɗawa ya ɗora a kan na gilashin. Shi kuwa sai zagaye yake da sukudireba a hannu, yana kallon ɓarnar da ya yi wa aikinsa kamar mai ciwon haƙori.

Oyi na bin kantocin da hannu tana faɗa.

"Wane marar tunani ya ajiye gishiri kusa da sukari? Ina murfin wannan? Behzod, matsa min, kana tsaya min a hanya!"

"Oyi, mai tasi na jira a ƙasa," na ce.

"Bari a sha shayi."

Ita ta dafa, ita ta juya shi a buta, ba ta bari kowa ya sa hannu ba. Ta zuba wa Behzod kaɗan a gindin kofi, yadda ake yi wa wanda ake so ya daɗe ana ƙara masa. Ta ɗauki nawa, ta karkata kunne, ta yi ta zubawa har ya kai baki. Kowa a garin nan ya san ma'anar cikakken kofi: sha ka kama gabanka.

"Oyi, ya cika fa, ba ki gani ba."

"Idona ne ya mutu, ba kunnena ba," ta ce. "Shanye, kar ki tsayar da bawan Allah mai tasi."