Ranar da Baba Ya Faɗi Sunan Kura

Shekara arba'in ke nan ina rubuta labarai, ana buga su a ƙananan littattafai, mata suna karantawa a taron zumunta na majami'a. Kuma har gobe ba a rasa wani dattijo mai tsoron Allah da zai tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Mama, wannan labarin naki gaskiya ne ko ƙirƙira?" Duk sa'ad da na ji tambayar nan sai raina ya ɓaci, don ita ce ta ci babana.

A Mirriya na tashi, a hannun kakata, uwar babana. Maginiyar tukwane ce, kuma sunanta na ci, don haka Takwara take ce mini. Ranar gashi, da la'asar sakaliya za a jera tuluna da randuna a bayan gari, a rufe su da kara da busasshen kashin shanu, a jira iska ta kwanta. Ana sallame magariba sai ta kunna wuta. Tilas a zauna a tsare ta, mu jikoki kuwa abin nema ya samu, sai mu kewaye Kaka da gyaɗarmu a gefen zane. Idan wani tulu ya fashe a cikin wuta takan tsaya tsakiyar magana ta zage shi tas, sannan ta ci gaba.

"Ga ta can tafe," in ji ta, "wa zai tare ta?"

"Mu ne! Ta iso mu ji!"

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai guda da ba ta taɓa yin ta tana dariya ba. Wai wani baƙon Zaki ya zo daji da kaya niƙi-niƙi, bai san kowa ba, sai ya ce Kura ta zaɓo masa masu ɗauka. Kura kuwa ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan garkar Barewa da ke bakin ruwa, ta roƙa an hana ta. Sai ta nuna Barewa ta ce, "Ga mai ƙarfi." Aka ɗora masa kaya, aka nufi arewa da shi cikin rairayi, ba a sake ganinsa ba. Kura ta shige garka tana cin albasa. Matar Barewa ba ta yi kuka a gabanta ba. Ta gina wata ƙatuwar randa, ta ce wa Kura akwai kitse a ciki. Kura ta zura kai, ta zura gindi, aka liƙe baki da yumɓu, aka tura cikin wuta.

Mu dai sai tsalle da ihu. Kaka ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Ƙarya ce na gasa muku. Ku bar ta ta huce kafin ku ɗauka."

Sai da na yi wayo na gane cewa duk babban da ke wurin ya san Kurar. Farkon zuwan Nasara, da kumandan, babban jami'insu, ya nemi 'yan dako, mai unguwarmu Dari shi ya nuna kakana, aka tafi da shi bai dawo ba, kuma a lokacin ƙuruciyata garkarmu tana hannunsa. Yakan wuce ta ƙofar gidanmu a kan jakinsa, Kaka ta durƙusa ta gaishe shi. Ba wanda ya taɓa gasa shi. Ƙiba ma yake yi.

Babana shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunansa, sai dai "wancan". Gyambo ya kai shi Damagaram wurin 'yan mishan, ya dawo da ƙafa lafiyayya, da boko, da sabon addini. An yi rigima a dangi, amma Kaka ba ta kore shi ba. Ta ce ita dai ta san wahalar haihuwarsa. Mutum ne mai son labari kamar uwarsa, burinsa duka ya ga an buga abin da ya rubuta. Ya samu kaye, littafin rubutu, da alƙalami, ya zauna bakin wuta tare da mu yara, ya rubuta tatsuniyar Kura daga farko har ƙarshe, ya taka da ƙafa ya kai wa malaminsa Nasara a birni.

Ya dawo fuska a murtuke. Malamin ya karanta, ya yaba hannunsa, sannan ya ce kura ba ta magana, barewa ba ta noma, mai bin Almasihu kuma ba ya rubuta ƙarya. In zai rubuta, ya rubuta abin da ya faru.

Mutumin nan bai fi shekara uku a ƙasarmu ba. Bai san abin da ya sa tsohuwa take sa wa maƙiyinta fatar dabba ba, bai kuma tambaya ba. Littafin da yake koyarwa cike yake da misalai, da ɗan da ya ɓata, da mai shuka, amma namu ne ƙarya.

Baba ya ɗauki maganar da zuciya ɗaya, don shi ba ya yin abu rabi. Ya sake rubutu. Inda Kura take ya sa Dari, inda Barewa yake ya sa sunan ubansa, randa da kitse kuwa ya zubar da su. A gashi na gaba ya ce zai karanta wa Kaka. Bai kai layi biyar ba ta miƙe tsaye da sandar tona wuta a hannunta.

"Kai wancan, me ka yi wa Kurar? Ka feɗe ta?"

"Inna, gaskiya na rubuta. Shekara nawa kina ɓoye shi a bayan dabba?"

"Shekarun da kake da rai! Kana tsammani tsoro ne ya hana ni? Da me na raine ka, da sunansa? Kawo takardar nan in sa a wuta."

"Ba zan bayar ba, Inna. Allah ba ya son ƙarya."

"To, Allah ya ba ka sa'a. Shi dai Dari yana da igiya."

Ranar kasuwa Baba ya tsaya ƙarƙashin kukar da 'yan uwansa masu bi suke karatu, ya karanta da ƙarfi. An ce mutane sun yi ta zamewa ɗaya bayan ɗaya, har ya ƙarasa yana karanta wa awaki. Bayan kwana uku gardi biyu, dogaran kumandan, suka zo neman mutanen aikin hanya, Dari yana gabansu. Gidanmu suka fara shiga, suka tafi da Baba.

Kaka ta tafi birni da ƙafarta, ita da ba ta taɓa taka gidan mishan ba, ta durƙusa wa malamin nan. Ya ce ransa ya ɓaci ƙwarai, zai yi addu'a, amma su baƙi ne, ba sa shiga sha'anin kumandan. Da ya san shi baƙo ne, me ya kai bakinsa cikin tatsuniyarmu?

Wata biyar Baba ya yi yana fasa dutse. Ya dawo da tari, bai ga kakar gero ta gaba ba. Kaka ta ci gaba da gashi, don dole a ci abinci, amma in mun ce ta yi mana tatsuniya sai ta ce, "Takwara, matsa ki ba wuta wuri." Ba ta ƙara yin ko ɗaya ba.

Na bi addinin Baba, na bi sana'ar bakin Kaka. Duk littattafaina dabbobi ne ke magana a ciki, kuma na sha faɗa da dattawa a kan haka, ban taɓa ja da baya ba. Na daɗe ina ganin Kaka ce mai gaskiya, Baba kuwa an yaudare shi.

Bara, bayan sujada a majami'a, wani magidanci mai fara'a ya zo da littafina na Kura da Barewa in sa masa hannu. Baƙo ne, ya rako abokinsa. Ya ce shi ma ɗan Mirriya ne, jikan mai unguwa Dari, ko na ji sunansa? Mutumin kirki, in ji shi, har yau ana cin albasar garkarsa. Ya ce 'ya'yansa suna son wurin randar nan, sai sun yi ta dariya. Sannan ya rage murya ya ce, "Mama, tsakaninmu, wa kike nufi da Kurar nan?"

Babu gardi a ƙasar nan yanzu, babu igiya, babu wanda zai taɓa tsohuwa irina. Babana ya faɗi sunan nan a tsakiyar kasuwa shi kaɗai. Na dubi mutumin, na ji bakina yana cewa, "Ɗana, kura ce kawai." Ya yi godiya ya tafi. Tun ranar, in na lissafa waɗanda nake fushi da su, da kaina nake farawa.