Sistar da Ba Ta Bari Ranar Tiyata Ta Wuce

Ƙarfe bakwai na safe tana sashen masu ciwon mafitsara, tun masu shara ba su gama goge baranda ba. Ta rataye jaka a bayan ƙofa, ta jawo kujerarta mai gurguwar ƙafa, ta buɗe fayil, sai buga waya. Shekara ashirin da shida ke nan tana wannan jinya, ƙarshen watan nan kuma za ta yi ritaya. Abokan aiki Anti Kalanda suke ce mata, don duk majinyacin da ta gaida sai ta ƙara da, "Yaushe ne ranarka?"

Ba ita ke riƙe wuƙa ba. Nata shi ne ta ga mai ciwon daji na mafitsara ya hau gadon tiyata a kan kari. Ta san in an gama ƙarin ruwan maganin daji, jiki ya ɗan huta, makonni ƙalilan ne suka rage a yi aiki. In aka yi sake, ciwon kan tsallaka inda wuƙa ba ta kaiwa.

Akwai wani tela da ya gama shan maganinsa, jinin da yake gani a fitsari ya ɗauke, sai ya daina ɗaga waya. Ranar hutunta ta nemo shagonsa, ta same shi yana taka keke.

"Sista, ai na warke," in ji shi.

"Malam, lafawa ya yi, bai tafi ba."

Ya tsayar da keken, ya sunkuyar da kai. "An ce za a cire mafitsarar, a maƙala mini jaka a ciki. Yaya zan zauna cikin mutane?"

Ba ta yi masa dogon bayani ba. Ta kira wani direba da aka yi wa irin aikin shekara shida baya. Mutumin ya zo, ya ɗaga riga ya nuna masa. "Ɗan'uwa, dube ni da kyau. Ko tumbin nan bai ragu ba, uwargida kullum sai ta yi mita." Telan ya yi dariya har da hawaye, ya ce a sa masa rana.

Jerin masu jiran tiyata ya cika a lokacin. Ta tsaya a ƙofar babban likita da fayil a hannu, ta ƙi gusawa sai da aka samo masa gurbi. Bayan aikin, likitan ya shaida wa matar telan cewa ciwon bai kai ga tsallakawa ba. Yau mijinta yana shagonsa.

Ba kowa ta samu a kan kari ba. Har yanzu takan ambaci wata malamar makaranta da ta dawo bayan wata biyar, lokaci ya riga ya ƙure. Tun daga ranar, ba ta yarda da "zan zo" sai ta ga mutum a gabanta.

Sista, ke ce mai naci, wadda ake kashe wa waya ta sake kira. Ke ce kika sha baƙar magana daga bakin waɗanda daga baya suka zo suna godiya. Allah Ya saka miki, Ya ba ki hutu mai albarka.

Ku kuma da za ku gaje ta, in majinyaci bai zo ba, kada ku rufe fayil. Ku neme shi.