Garwashi Kusa da Gwangwanin Albarushi

Tun da maƙwabcina a unguwar Sa'alaba ta Jidda ya ji cewa mahaifina maharbi ne can ƙasarmu, ya ishe ni da gaisuwa. Mutumin da da ƙyar yake amsa sallamata, sai ga shi yana ce mini "Yaya". Wata Juma'a ya ja ni ɗakinsa, ya zazzage kwanson harsasai a tire, ya dire wani gwangwani ya ce albarushi ne. Wai farautar tsuntsaye zai fara, in koya masa yadda ake sake cika su a gida.

Muna cikin haka aka miƙo kaskon turaren wuta, kamar yadda ake karrama baƙo a Jidda. Ya karɓa ya ajiye dab da gwangwanin, garwashi jajur, yana murmushi.

Mahaifina ko sigari ba ya bari a kunna inda yake ɗura bindiga. Na miƙe na ce, "Halas, ya isa, ni walda kawai na iya."

Har yau ban sani ba, ko wawa ne, ko kuwa yashi ne a gwangwanin, hukuma ce ta turo shi ya ji bakina. Na farko raina zai ci, na biyu iƙamata, takardar zamana a ƙasar.