Haliru Sai-Lokacinai da Takin Zaman Lafiya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kantin marigayi Haliru a bakin kasuwar Gwandu ya san dokarsa: kowane kaya da lokacinsa. Da damina za ka tarar da taki da lema da takalmin roba. Da kaka sai lauje da igiya da buhunan zuba hatsi. Sukari da dabino suna cika gaban kanti ne idan azumi ya gabato. Sauran kuwa suna ɗakin baya, kana hangensu ta taga, amma ko za ka yi kuka amsarsa ɗaya ce: "Sai lokacinai."

Tare muka taso da shi. Ni na bi fatauci, na zauna Kumasi da Yamai da Jidda, shi kuwa Kalgo ma sai da dalili. Wata rana da bazara, zafi kamar zai fasa kai, na ce ya sayar mini da lema. Ya ce lema ta ruwa ce, in je in nemi malfa. Na ce masa a Kumasi idan ka taya kujerar da mai kanti yake zaune a kai, tashi zai yi ya miƙo maka.

Ya ce, "To, ga ka ka dawo Gwandu kana roƙon lema."

Akwai wani malamin jami'a a Kalgo, Malam Yohanna mutumin Zuru, da tafiya ta kama shi zuwa Jos cikin zafi, ya zo neman bargo. Ya yi bayani, ya yi magiya, Haliru ya ƙi. Da ya juya zai tafi sai Haliru ya ce ya dakata. Ya shiga gida ya yaye bargon gadonsa ya ba shi aro, wai wannan ba na kanti ba ne, doka ba ta hau kansa ba.

Sai shekarar da yaƙi ya ɓarke can tsakanin Turawa, fulawa da taki suka yi wuya. Kowa ya samu abin faɗa. Har mai ƙuli-ƙulin da ke zama a gefen kantinsa ta ƙara farashi ta ce yaƙi ne. Haliru ya tambaye ta cikin ladabi ko gyaɗar tata daga Rasha ake kawo mata. Shi kuma ya raba sukarinsa buhu biyu: wanda ya saro kafin rikici, shi ne na zaman lafiya, a tsohon farashi, sabon kuwa na yaƙi ne. Sukari iri ɗaya, wallahi, amma sai ya tambaye ka wanne kake so.

A ɗakin baya akwai takin da ya saro tun kaka, wanda ƙananan manoman Masama da Dodoru suka saba dogara da shi. A shekarar ba su da wata madogara, don na kasuwa ya fi ƙarfinsu. Wani dillali daga Birnin Kebbi ya ji labari, ya zo da mota tun rani zai kwashe duka da riba mai tsoka. Tukur, babban ɗan Haliru, ya roƙe ni in sa baki, don rufin kantin yana yoyo, tsohon kuma ga ciwo yana cin sa. Na zauna na yi wa Haliru nasiha da Hausa, na ƙara da Fulatanci don kada dillalin ya ji. Ya saurare ni tsaf, sannan ya leƙa sama ya ce shi bai ga hadari ba.

Ruwa na sauka dillalin ya dawo. Ya tarar da layi har bakin masallaci, Haliru yana auna wa kowa da tiya daidai girman gonarsa, don ya san gonakin duka. Farashin kuwa na bara. Dillalin ya ce, "Baba, ba ka san ana yaƙi ba?"

Ya ce, "Ni na sani. Wanga taki ne bai sani ba, ya riga shi shigowa. Kai ina gonarka take?"

Mutumin bai da gona, ko kunya ɗaya ta gero bai noma ba. Haka ya koma da motarsa wayam.

Rufin bai gyaru ba. Duk daminar nan Tukur yana tarar ruwa da bokiti yana gunaguni, uban yana ce masa ya matsar da ashana. Bayan an yanke gero Allah ya karɓi abinsa. Ranar sadakar uku mutanen Dodoru da Masama suka zo gaisuwa, kowa da damin gero a bayan babur ko a ka, suka jera su a zaure ba tare da sun ce komai ba. Tukur ya tsaya yana kallon dammunan, ni na amsa masa gaisuwar.

Allah ya jiƙan Haliru, ya yafe masa taurin kansa, ya auna masa rahama ba da tiya ba. Amin.